Jirginmu na Cikin Rumbun Baba Tsoho

Ranar wata Juma'a da hantsi, a tsakiyar watan Agusta na shekarar da na gama aji huɗu a lakwal ɗin Tajaye, makarantar bokon garinmu, ina tsaye a cikin rumbun kakana da ƙwarya kife a kaina, sanye da buhun siminti da aka huda wa wuya da hannuwa, ina ta zuba umarni da wani irin Faransanci wanda ko masu harshen ba za su gane ba. Mun ɗage jinkar rumbun gefe guda, hasken rana yana zubowa ta sama, ƙura tana yawo a cikinsa. Isa, ɗan baffana, ya rungume tsohuwar ƙafar keke yana juya ta hagu da dama, wai shi ne direban jirgi, sauran yara uku kuma suna danna marafan kwalba da muka liƙa a bango da laka. Daga sama, a kan tsani, Kawu Lawali, ƙanen mahaifiyata, ya zuro kamara yana ta yi mana faɗa mu daina kallonsa muna washe baki. Ni ce kaftin, ba don na girmi kowa ba, sai don na fi kowa baki, kuma ban taɓa jin na isa ba kamar yadda na ji a wannan hantsi.

Abin ya samo asali ne daga malaminmu, Mushe Abdu. Yana da tele, wato talabijin, da na'urar kaset da wani ɗan injin wuta mai yawan tari, kuma duk Asabar bayan azahar yakan fito da su cikin aji, a toshe tagogi da tabarmi. Ba a shiga sai wanda ya share filin makaranta ya kuma shayar da itatuwan bedin da muka dasa, shi ya sa ranar Asabar ko ɗan tsinke ba ka gani a ƙasa. Kaset uku ne kacal gare shi, dukansu na wani tsohon shirin tele ne da ya ce ya girmi iyayenmu, labarin wasu mutane masu yawo tsakanin taurari a cikin jirgi, suna sauka duniyoyi iri-iri suna gamuwa da halittu masu ban tsoro. Hoton ya kwana biyu, wani wurin sai ya yi ta rawa, kuma ko mu yara mun lura cewa duwatsunsu ba su da nauyi, dodonsu ma mutum ne a cikin riga. Wannan bai rage mana komai ba. Mun kalli kaset ɗin nan har muna riga ƴan wasan magana.

Daga nan wasanninmu suka canza. Maza suka bar langa, mu mata muka jingine carafke da ƴar gala-gala. In an aike ni rijiya, guga jirgi ne yana sauka wata duniya. In ina daka tare da yayyena, sai in riƙa ƙirga sauka da tashin taɓarya da Faransanci, daga goma zuwa ɗaya, har mahaifiyata ta ce in ban bar wannan shirme ba za ta tashe ni sama da mari. Isa kuwa, in ya fita kiwo, awakin gidanmu ba su da sauran suna sai halittu.

Ana cikin haka aka ba da dogon hutu, damina ta kankama, sai ga Kawu Lawali daga Ƙonni a kan babur da jakar kamara a baya. Sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna, kuma da yake da damina bukukuwa kan ja baya, sai ya zo ya yi ƴan makonni wurin yayarsa. Saurayi ne a lokacin, mai son dariya. Da ya ga wasanmu sai ya zauna a kan turmi ya ba mu wani labari. Ya ce a Ƙonni, a gidan wani abokinsa mai parabol, farantin nan mai kamo tashoshin waje, ya ga wani shiri a kan wasu Turawa, manya da furfurarsu, waɗanda son irin wannan tsohon shirin ya hana su sakat, har suka gina jirgi a ɗakin ajiye mota, matansu suka ɗinka musu riguna, suka yi nasu fim. Abin da ya fi burge shi, in ji shi, ba fim ɗin nasu ba ne, wanda ya bi su da kamara ne yana tambayarsu me ya kai su, yana nuna yadda suke manna kwali suna gardama. Ya ce zai ɗaukar mana fim ɗinmu, amma da sharaɗin shi ma zai yi nasa a kanmu. Mu dai muka ce to, don ba mu ga abin kallo a cikin yara masu kwaɓa laka ba.

Kaya ba su ba mu wahala ba. Buhunan siminti na Malbaza suna nan jibge a inda ake ginin wani shago, ƙore da tukwanen silba kuwa muka riƙa zare su ɗaya-ɗaya daga madafin kakarmu Inna. Duniyar da za mu sauka ma tana nan bayan gari, wani tudu mai jajayen duwatsu inda ko ciyawa ba ta son fitowa. Dodo shi ne bunsurun gidanmu da muka shafa wa bula muka ɗaura masa ganyen albasa a ƙaho, ya cinye kayan wasansa sau biyu kafin a gama ɗauka. Jirgi ne kaɗai ya gagara. Mun gwada amalanken jaki, Kawu ya ce ko makaho ya san amalanke ne. Mun gwada ɗakin kaji, ƙuma ta kore mu.

Isa ne ya ɗaga kai wata rana ya dubi rumbun Baba Tsoho. Haka muke kiran kakanmu na wajen uba, mai gidan gaba ɗaya. Rumbun ƙasa ne babba, mai tumbi, yana zaune a kan duwatsu can bayan garken dabbobi, darni ya kare shi daga tsakar gida, da jinka a kansa, ƙofarsa ɗaya ce kuma a sama take. In ka tsaya ka kalle shi da idon wanda ya sha kallon kaset ɗin Mushe Abdu, ba abin da ya rage masa sai tashi. Mun san ba a hawa. A gidanmu ba mace ba yaro da ke leƙa rumbu, Baba Tsoho kaɗai ke jingina tsani kowace safiya ya hau, ya sauko da hatsin yini ya miƙa wa Inna. Amma mun ɗauka dokar ta tsoron faɗuwa ce, ko don kada mu yi ɓarna. Da Isa ya faki ido ya hau ya leƙa, sai ya sauko yana haki ya ce ba abin da za mu ɓata, wuri ne fetal, sai wani rabin buhu a jingine. Muka yi ta tsalle. Ko kaɗan bai zo mana a rai ba mu tambayi kanmu me ya sa rumbun gida mai mutum kusan ashirin yake fetal, alhali gero bai ko fitar da kai ba.

Ranar Juma'a ba a zuwa gona a gidanmu. Baba Tsoho kan fita tun da safe wurin wanzami, daga can ya zaga gaishe-gaishe, mata kuma suna bakin rijiya da wanki. Juma'a biyu muka yi muna ɗauka a ciki. Kawu ya san al'ada sarai, sai dai ya tashi a gidan ƴan kasuwa inda ake auno hatsi da tiya, kuma da ya ga yadda haske ke sauka a cikin rumbun nan sai hankalinsa ya koma cikin kamara. Tsakanin ɗauka da ɗauka yakan juyo da ita kanmu ya yi tambayoyinsa. Ya ɗauki Isa yana kuka don an ce direba ba ya riƙe bindiga. Ya ɗauki Inna a madafi tana neman tukunyarta tana cewa, “Ni dai su tahi duk inda za su, amma su aje mini tukunyata in ɗora miya.” Sannan ya zo kaina, ina tsakiyar rumbu, ya ce, kaftin, me ya sa kuka zaɓi nan? Na gyara ƙwaryata, na buɗe hannuwa, na ce da iyakar muryata, “Ai rumbun Baba Tsoho babu komi ciki! Ku duba, ko ɓera ya yi ƙaura. Rabin buhun ga ɗai ya rage!” Kawu ya bi hannuna da kamara, ya zagaya da ita ko'ina, har ƙasan da muka share.

Da la'asar ɗin ranar ya zauna a gindin darbejiyar tsakar gida ya buɗe ɗan allon kamarar yana nuna wa mata. Aka taru a kansa ana ta shewa. Inna ta ga kanta ta rufe fuska da zane, aka ga bunsuru yana cin ganyen albasa, wata gwaggona har da hawaye don dariya. Sai ga ni na fito da ƙwarya a ka, muryata ta cika gidan. Dariyar ta ɗauke gaba ɗaya. Na duba fuskokinsu ina jiran yabo, sai na ga kowa ya sunkuyar da kai, mahaifiyata ta dafe baki. Da na waiwaya, Baba Tsoho yana tsaye a bayanmu da buta a hannu.

Daga baya ne mahaifiyata ta zaunar da ni ta warware mini. Daminar bara ba ta yi kyau ba, hatsinmu ya ƙare tun farkon bazara. Abin da muke ci, babana da baffana ne ke aikowa daga ci-rani, buhu bayan buhu, shi kuma Baba Tsoho sai ya sa a cikin rumbu, don kowace safiya a gan shi ya hau tsani ya sauko da ƙwarya cike kamar kowane mai gida. Manyan gidan duk sun sani, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Ga shi ni, da bakina, na yi shela a cikin abin da muka riga muka gaya wa rabin gari cewa za a nuna a lakwal.

A ranar dai Baba Tsoho bai ɗaga murya ba. Ya ce a mayar masa ya gani, ya kalla har ƙarshe. Kawu ya ce zai goge wurin yanzu-yanzu. Baba Tsoho ya ce, “Ƙarya ta yi? Ba ta yi ƙarya ba. Hiddo shi ka ba ni.” Ya karɓi kaset ɗin ya jefa a aljihun rigarsa. “In Allah ya cika rumbun ga bana, ku nuna ma wanda kunka ga dama. In bai cika ba, rijiya za ni sa shi.” Ya wuce alwala.

Fim ɗinmu da na Kawu duk suna cikin kaset ɗaya, don haka yara suka juya mini baya kwana uku. Wannan bai dame ni ba kamar wani abu. Ni ce ƴar wasan Baba Tsoho a cikin jikokinsa, amarya yake kirana, kullum da safe sai ya ce tuwona ya yi gudaji zai sake ni, ni kuma in ce ai ni ma ba na son miji marar haƙora. Daga ranar nan ya daina. In na gaishe shi sai ya amsa da sunana na yanka, Rabi, kamar baƙuwa. Wallahi da ya zane ni da tsumagiya da ya fi mini sauƙi.

Ba a taɓa ganin manoma irinmu ba a sauran daminar nan. Mu da a da sai an ja kunnenmu kafin mu kai fura gona, muka koma muna riga manya fita. Muka bi kunya-kunya muna cire ƙuduji da hannu. Da gero ya fara ido tsuntsaye suka sauko, muka ɗaura gwangwanaye a igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, Isa yana kan ɗan dandamali da majajjawa, ni ina zagaye da tsohon kwano da sanda, ina ihu har muryata ta dushe. Tukwanen Inna da muka mayar ma sai da muka sake aro su don kaɗawa. Da ruwa ya ɗauke na wasu kwanaki ganye ya fara naɗewa, na riƙa sallah a kan lokaci ba tare da an tuna mini ba, har Inna ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi nake. Kowace yamma sai mu tsaya bakin gona mu auna zangarniya da hannu, mu yi gardama a kan dami nawa rumbu ke ci. Ranar da hadari ya haɗo daga gabas aka kwana biyu ana ruwa, mun yi rawa a tsakar gida har muka kwanta cikin taɓo.

Aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, amalanke ya yi ta kai da komo. An koma lakwal a lokacin, amma da an tashi sai mu ruga gida mu tsaya muna kallon Baba Tsoho a bakin rumbu ana miƙa masa yana jerawa. Daga ƙasa ba a ganin inda hatsi ya kai, shi kuma fuskarsa ba ta gaya maka komai. Ranar dami na ƙarshe Kawu ma ya zo daga Ƙonni. Baba Tsoho ya sauko, ya karkaɗe rigarsa, ya dubi taron gidan, sannan ya dube ni.

“Rabi, ke ta mai shelar gidan ga. Hau ki gano muna, ki hwaɗa ma jama'a in ya cika.”

Na hau tsanin nan. Na leƙa, na ga abin da na gani, ƙamshin sabon gero ya bugi hancina. A ƙasa Isa yana ta yi mini alama da ido da hannu. Na daɗe a sama fiye da yadda leƙe ke bukata. Da na sauko kowa ya zuba mini ido, na tsaya gaban kakana na ce, “Baba Tsoho, mai rumbu shi ka hwaɗin abin da ke cikin rumbunai.”

Ya dube ni. Sai ya fashe da dariya har dasashinsa ya fito, ya ce ashe amaryar tasa ta fara hankali, ya fasa sakin. Ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini kaset ɗin. Ashe tun safe yana tare da shi.

Sai a lokacin muka tuna ba mu ɗauki ƙarshen fim ba, inda za mu komo gida, ga shi jirgi ya koma hannun mai shi, marafan kwalbarmu suna can ƙarƙashin dammunan gero. Haka aka nuna shi ranar wata Asabar a ajin Mushe Abdu, aji ya cika har tagogi, dattawa a kan bencin gaba. Fim ɗinmu bai fi a sha fura a tashi ba, kuma gaskiya ba wanda ya gane inda ya dosa. Na Kawu ne ya tashi mutane. Aka yi ta nuna juna, ana kiran sunan mai tukunya da mai bunsuru. Da aka zo wurin shelata na so ƙasa ta tsage in shige. Baba Tsoho ya gyara zama ya ce da ƙarfi, “Haka yake, rumbuna na.” Sai wani tsoho abokinsa ya waiwayo ya ce, “Kai har da rabin buhu? Ashe kai na attajirinmu bana!” Dattawan nan suka kwashe da dariya, wannan yana cewa nasa tun azumi kaza ke ƙwai a ciki, wancan yana cewa shi tsaninsa ma ya gaji da hawan banza. Ashe duk safiyar daminar nan kusan kowa yana hawa yana saukowa ne don idon maƙwabcinsa.

Yau ina zaune a Ƙonni da ƴaƴana huɗu. Irin shirin da Kawu ya ba mu labari yanzu yana cikin waya, na kalli da yawa, kuma duk sanda na ga wani dattijo yana nuna jirgin da ya gina da kwali yana jin kunya yana jin daɗi, sai in ji kamar ɗan ajinmu ne. Kaset ɗinmu zafi ya manne shi tun tuni, Kawu ya kai wa masu gyara sun ce ba ya tashi. Isa yana Agadas, sauran ukun ci-rani ya raba mu, Baba Tsoho da Inna sun riga mu gidan gaskiya. Yarana suna ɗaukar komai da waya, tukunya a kan wuta, cikin ɗaki, har abin da ke cikin firiji, su aika wa duniya kafin in ɗaura ɗankwali, ba sa kuma jiran kowace kaka kafin su nuna. Ba na hana su sosai, zamaninsu ne. Amma ranar da na ba su labarin nan, ƙaramar ta matsa mini da tambaya, wai don Allah Mama rumbun ya cika ko bai cika ba. Na ce ta tashi ta ɗora ruwan shayi. Mu biyu ne muka leƙa a ranar, ni da Baba Tsoho, shi kuwa ya tafi. Abin da ya bar mini ajiya ke nan, kuma yana nan inda ya bar shi.